Injin Markaɗen Kallamu Ya Tsaya

Akwai wani dillalin albasa a kasuwar Head Bridge ta Onitsha, sunansa Kallamu, wanda duk 'yan kasuwa suka san shi da magana ɗaya: "Ni cikina injin markaɗe ne. Tun da aka haife ni allura ba ta taɓa shiga jikina ba."

Lokacin agwaluma yake nuna bajintarsa. Kowa ya tsotse ya tofar da ƙwallo, shi kuwa sai ya ɗaga kai sama ya haɗiye, ƙwat! Ya bubbuga ciki ya ce a kawo wata. Mutane su yi ta tafi, kansa ya ƙara kumbura.

Amininsa Gwadabe, wanda suke rumfa ɗaya, yakan ce, "Mutumina, wata rana bishiya za ta fito maka ta kunne."

"In ta fito ka zo ka sha inuwa."

Wata safiya ciki ya murɗa. Kallamu ya ɓoye ciwon. To wa zai gaya wa? Ya lallaɓa kemis ta bayan layi ya ce maƙwabcinsa ne ba lafiya, aka ba shi maganin olsa. Ya sha, shiru. Ya koma jiƙo, nan ma shiru. Ciki ya tashi kamar ganga, bayan gida ya ɗauke ɗif.

Matarsa Bara'atu ta ce, "Baban Munira, don Allah mu je asibiti. Dubi cikinka."

"Ƙiba ce. Ke dai ba kya son ganin ci gabana."

Ranar da ake sauke tirelar albasa, yana cikin daka wa 'yan dako tsawa, sai ga shi durƙushe tsakanin buhuna yana amai kore shar. Gwadabe bai tsaya jin ta bakinsa ba, ya tare keke sai asibiti.

Likitar mace ce 'yar ƙabilar Ibo, ba ta jin Hausa, sai wata nas mai suna Dina, 'yar Kafanchan, ta zama tafinta. Aka danna cikin, Kallamu ya yi ƙara har masu gadi suka leƙo. Hoton farko ya nuna hanji ya toshe. Abin da ya toshe shi ne ya ɗaure wa likita kai, don ba ƙaba gare shi ba, kuma ba a taɓa yi masa aiki ba. Aka sake wani hoton, na na'urar da ake tura mutum ciki yana kwance, sai ga wani dunƙule zaune a ƙaramin hanji.

Dina ta ce, "Malam Kallamu, likita na tambaya, me kake yawan ci?"

"Tuwo. Sai shayi."

Gwadabe ya yi gyaran murya. Kallamu ya harare shi. Gwadabe ya ce, "Harare ni da kyau, da ranka nake son ka. Sista, ƙwallon agwaluma yake haɗiya. Ba na jiya ba, ba na shekaranjiya ba."

Likita ta ce ba kasafai ake ganin haka a babban mutum ba, amma yana faruwa: ƙwallaye da zaren 'ya'yan itace su cure wuri ɗaya su rufe hanya. In aka ƙara jinkiri hanjin zai ruɓe, kuma daga nan sai abin da Allah ya yi. A ranar aka shiga da shi tiyata. Aka tsaga hanjin, aka fitar da dunƙulen, aka ɗinke. Allah ya taimaka ba a yanke komai ba.

Sai dai an hana shi abinci, ƙarin ruwa kawai. Yunwa ta ci mutumin nan har yana mafarkin kwano.

Da ya ɗan farfaɗo, 'yan rumfa suka cika ɗakin don dubiya, har da Sarkin Albasa da wasu dattawa. Bara'atu ta zo da fulas na kunu, ƙamshi ya cika ko'ina. Kallamu na ganin taro, tsohon hali ya motsa.

"Jifa ne," in ji shi yana kaɗa kai. "Mahassada suka jefo mini duwatsu. Da wani ne da tuni an yi bakwai. Ko likita sai da ta sara mini."

Dattawa suka hau salati. Bai rufe baki ba likita ta shigo zagaye, Dina na biye riƙe da wata kwalba mai ɗauke da ƙwallayen da aka ciro daga cikinsa. Dina ta ɗaga ta sama ta ce, "Malam, ga kayanka, ko za ka kai gida."

Sarkin Albasa ya gyara tabarau ya leƙa. "Kallamu, mahassadan naka a lambu suke aiki?"

Dariya ta ɓarke. Likita ta sa abin sauraro a cikinsa, ta ɗago ta ce, "Oga, you don mess?"

Kallamu ya ce bai ji ba. Dina ta fassara da Hausa tsantsa, da muryar da ta kai har gadon ƙarshe: "Cewa ta yi, ka yi tusa? Ita ce alamar hanji ya tashi aiki. In ba ka yi ba, ba kunu."

Kallamu ya dubi dattawa. Ya dubi fulas. Ya sake duban dattawa.

Can ƙasa-ƙasa ya ce, "An yi."

"Wa ya yi?"

"Ni na yi! Tun da safe! Bara'atu, zuba!"

Gwadabe ya faɗi kan gadon wani yana riƙe ciki. Sarkin Albasa ya ɗaga hannu yana hawayen dariya ya ce, "Alhamdulillahi! Jama'a, a yi masa barka." Haka aka bi layi ana miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya ɓoye fuska a kofi.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka ɓoye ciwo. Ciwon ciki mai tsanani da kumburi da amai da ɗaukewar bayan gida ba na kemis ba ne, a garzaya asibiti, kuma a gaya wa likita gaskiya ko da akwai kunya. Ku tura wa duk wani mai cika baki da kuka sani, kafin a zo yi masa barkar da ba ya so.