Fil Ɗaya a Kwanon Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba, tun zamanin da babu wayar nan da kuke ta latsawa ina magana. Ku ajiye ta ku saurara. Sunansa Sallau, bakanike ne. Ba malami ba ne, a sahun baya ma yake sallah don kada baƙin man rigarsa ya shafi mutane. Garejinsa inuwar wata darbejiya ce a bakin titi, sai akwatin sifanu da wani tsohon kwanon sha duk ya lotse.

Ku riƙe kwanon nan, a kansa maganar take. Duk abin da Sallau ya kwance daga jikin mota, a kwanon yake jefawa. In ya gama aiki sai ya kira mai mota, ya kife kwanon a gabansa. In babu abin da ya faɗo, to aiki ya kammala. Shekara ashirin da wani abu yana haka, har kanikawan garin suna masa tsiya, wai Sallau kife-kwano.

To akwai wani tsohon hedimasta, Malam Hashimu, mutumin kirki amma akwai baki. In ya fara faɗa sai ka ce har yanzu a gaban 'yan aji yake. Yana da wata tsohuwar mota 'yar Japan mai ƙofa huɗu, a cikinta ya yi ta kai 'ya'yansa makaranta, a cikinta aka kai su ɗakin miji. Babu mai taɓa ta sai Sallau.

Wata Laraba da hantsi ya kawo ta. 'Yarsa Hansatu ta zo wankan gida, haihuwar fari, ta yi arba'in, ranar za a mai da ita ƙauyen mijinta da jariri da gara.

"Sallau, juye mata mai, ka duba burki. Kuma ƙafar gaban nan tana mini ƙara."

Sallau ya ɗaga ta a jak, ya girgiza taya, ya ce, "Malam, kan tayarod ne ya ci, ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da taya. Sai an sake."

"To sake mana! Amma kafin azahar, mata na can sun ɗaure kaya."

Sallau yana ƙarƙashin mota, Malam Hashimu na tsaye a kansa yana duba agogo. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. "Kai Sallau, gyara kake ko sabuwa kake ƙera mini?" Ana cikin haka ladan ya kira sallah. Sallau ya sauke jak, ya leƙa kwano daga tsaye, bai ga komai ba sai baƙin mai kwance a gindinsa.

"Malam, bari in kife..."

"Ka kife bayan na tafi!" Ya ja motarsa.

Jama'a, sauri ya haifi nawa. Da Sallau ya dawo daga masallaci, maƙwabcinsa Bawale mai faci ya sayo musu ɗanwake. Sallau ya ɗauki kwano don ya goge, ya kife shi. Ƙil! Wani abu ya faɗo a ƙasa.

Fil ne. Ɗan siririn ƙarfe mai ƙafa biyu, bai kai ɗan yatsa ba. Shi ake sokawa a notin tayarod a lanƙwashe don kada girgizar hanya ta kwance notin. In notin ya fita, direba na juya sitiyari, taya na tafiya inda ta ga dama.

Sallau ya tsince shi. Ya ce, "Innalillahi."

Bawale ya leƙo. "Ka ɗaure notin?"

"Tamau."

"To mene ne? Motoci nawa ke yawo a garin nan babu shi? Zauna ka ci abinci."

"A kwalta suke yawo. Hanyar ƙauyen nan gargada ce, ga gangaren gada a gaba."

"Kai dai ka san bakin Malam Hashimu. Je ka ce masa ka manta, wallahi kafin magariba an ji a kasuwa. Sunan da ka shekara ashirin kana ginawa! Jefa shi kwata. In wani abu ya faru, ƙaddara ce. Wa ya gani?"

Ku saurara. Sallau ya zauna. E, ya zauna, ba zan ɓoye muku ba, ɗan Adam ne. Ya ɗauki loma, ya mayar da ita. Ya tashi, ya koma ya zauna, ya sake tashi. Zuciya na ce masa ai noti ya ɗauru. Amma jaririn nan ya ƙi barin idonsa, domin ya je sunansa, ya ci naman ragon, har an miƙo masa shi ya yi masa addu'a. Sai ya ga zama bai gan shi ba. Ya cusa fil a aljihu, ya ɗauki sifana da filaya, ya zura a guje.

Ya isa gidan Malam Hashimu, aka ce ai sun tafi tun ɗazu. Ya nufi tasha, ya tarar motar ƙauyen ko rabi ba ta cika ba, direba na barci a benci. Ya ga wata akori-kura ɗauke da buhunan taki za ta bi ta wajen, ya ɗare baya ba sallama. Kai, motar nan ta gwada haƙurinsa! Nan ta tsaya a sauke buhu, can ta tsaya direba ya gaisa da surukinsa. Sallau bai zauna ba, yana tsaye riƙe da ƙarfe, idonsa a kan hanya. Kowace kwana aka sha, sai ya leƙa gaba. A wani wuri ya hango taron mutane a bakin hanya sun yi da'ira, ya ce shi ke nan na kashe su. Da aka matso, ashe sa ake feɗewa.

A mararraba akori-kura ta yi gabas, hanyar ƙauyen ta yi arewa. Ya diro ya kama burji da ƙafa. Mutum mai furfura, yana gudu yana haki, silifa ta tsinke ya bar ta a nan. Ba abin da bakinsa ke faɗa sai, "Ya Allah, laifina ne, kada ka kama su da shi."

A wani ɗan ƙauye da ke kan gangaren gada ya hango motar Malam Hashimu, tana tsaye a gindin tsamiya. Sun tsaya la'asar. Malam Hashimu na naɗe darduma, matarsa Hajiya Kulu ta riga ta shiga gaba, Hansatu na baya rungume da jariri a tsakanin kwallayen dubulan da alkaki.

"Ikon Allah! Sallau? Yanzu nake ce wa Hajiya sitiyarin nan rawa yake, na ɗauka gargada ce."

Sallau ya shige ƙarƙashin mota. Ya sa yatsu biyu a kan noti, ko sifana bai ɗauko ba. Juyi ɗaya, noti ya faɗo a tafin hannunsa.

Ya fito da shi. Mutanen da suka fito daga sallah suka taru, kowa ya dubi notin, ya dubi gangaren, ya dubi jaririn. Hajiya Kulu ta fashe da kuka. Wani dattijo ya ce, "Wannan bawan Allah ba haka nan yake ba. Daga gari ya san noti zai fita? Ai nuna masa aka yi." Malam Hashimu ya kama hannun Sallau da hannu bibbiyu. "Sallau, mafarki ka yi? Me ya kawo ka?"

To ga jarrabawar, jama'a, ba gudun ba ne. Shiru kawai zai yi ya koma gari waliyyi. Tsoro ya kama shi. Amma ya sa hannu a aljihu ya fito da fil.

"Malam, ba a nuna mini komai ba. Wannan ne ban mayar ba. A kwanona na same shi. Ni na kusa hallaka ku."

Malam Hashimu ya saki hannunsa. Wai wai wai! Ranar Sallau ya sha faɗa. "Jikana! 'Yata! Na ba ka amanar iyalina, ka bar ta a gindin kwano?" Sallau bai ce ai kai ka hana ni kifewa ba, alhali yana da bakin faɗa. Ya koma ƙarƙashi, ya ɗaure noti, ya soka fil ya lanƙwashe. Malam Hashimu ya ja mota ko sallama babu, Sallau ya juya gida da silifa ɗaya.

Kuma Bawale bai yi ƙarya ba, maganar ta zaga kasuwa. Wasu suka ɗauke motocinsu, 'yan tsiya suka samu abin yi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan mako biyu sai ga tsohuwar motar ta tsaya a gindin darbejiya. Malam Hashimu ya fito, ya zauna a benci, ya cire agogonsa ya sa a aljihu.

"Duba mata ɗaya ƙafar," ya ce. "Na yi tunani, Sallau. Bakaniken da bai taɓa mantuwa ba, ban san shi ba. Wanda ya bi mantuwarsa da ƙafa har bakin gada, shi na sani. Yi a hankali. In ka gama ka kira ni mu kife kwanon tare."

To ku da ke zaune nan, kowa na da kwanonsa. Kai magini da ka san ka rage siminti a ginshiƙi, kai mai kemis da ka tuna bayan mutum ya fita cewa ba maganin ba ne, kai da ka faɗi magana a kan wani ka gano ƙarya ce. Kuskure ba shi ne cin amana ba, ɓoye shi ne cin amana. Kuma kada ka karɓi yabon da ka san ba naka ba ne. Bawale ya ce wa ya gani. Allah ya gani! In ka san akwai fil a gindin kwanonka, tashi ka bi motar tun ba ta kai gangare ba. Allah ya ba mu ikon faɗin laifinmu da bakinmu tun kafin ranar da gaɓoɓinmu za su faɗa.