Sheburin Suruki

Akwai wani mutum wanda ya tashi da safe ya tara unguwa da kururuwa, har maƙwabta suka fito ba takalmi, suna tsammani gobara ce. Suka same shi gaban motarsa, hannu biyu a ka, yana cewa tun da aka halicci duniya ba a taɓa cutar ɗan adam kamar yadda aka cuce shi ba. Aka ce, "Me ya faru?" Sai ya nuna wani ƙarzane a jikin ƙofa, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Motar jif ce, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Ya daɗe yana shirya ta domin tafiyar daji mai nisa, ko da yake iyakar dajin da ta taɓa shiga shi ne filin bayan coci. Ya jera mata fitilu a ka, ya ɗaura mata ƙaton ƙarfe a goshi, ya sa oda mai kukan jirgin ƙasa. In ya gama goge ta, sai ya tsaya ya gyara hula a madubinta.

Yana da suruki, wani tsoho da ke zaune can arewa, bayan wani kwari mai yashi inda kwalta ba ta kai ba. Ran da tsohon ya zo ganin mota bai yaba fitilu ba. Ya kawo shebur, da ƙarafa biyu masu faɗi duk tsatsa, irin waɗanda ake sa wa taya ta taka ta fita daga yashi. Ya ɗaure su a gefen motar da hannunsa, ya ce, "Ɗana, ran da na aika a kira ka, waɗannan ne za su kawo ka."

Sheburin nan ne ya yi ƙarzanen.

Mutumin ya ce wa matarsa, "Maman Rifkatu, dubi abin da kyautar Baba ta yi mini! Mota kamar amarya, an rataya mata kayan masu haƙa rijiya!"

Ta ce, "Maigida, Baba ya san hanyar garinsa. Ka bar su."

Ya ce to. Da ta tafi kasuwa ya kwance su, ya jefa bayan akurkin kaji. Ya naɗe kujerun shan iska biyu cikin tampol, ya ɗaure a wurin. Da ta dawo ya ce ya rufe kayan Baba ne saboda ruwan sama. Ta yi masa godiya, shi kuwa ya sha dariya a cikinsa.

Ana nan sai saƙo ya zo: tsoho ba lafiya, a zo da mota a kai shi asibiti. Suka kama hanya. Da suka shiga tsakiyar kwarin, mota ta kafe. Ya taka totur, tayoyi huɗu suka yi ta haƙa wa kansu rami, har cikinta ya kwanta a yashi. Ya zagi wanda ya sayar masa da mota, ya zagi yashi, ya tsawata wa Shaiɗan. Ya danna oda, ba wanda ya amsa.

Matar ta ce, "Kwance tampol ka ciro shebur."

Ya daɗe yana fama da igiya kamar ta ƙi kwantuwa. Kujeru suka faɗo. Ta dube su, ba ta dube shi ba. Ta ɗauki murfin kwanon abinci, ta durƙusa, ta fara tonon yashi.

Sai washegari masu raƙuma suka fitar da su. Suna isa bakin gari suka gamu da maza suna dawowa daga makabarta, an binne tsohon. Wan matar ya ce, "Jiya Baba wuni ya yi yana cewa a yi shiru, kamar ya ji kukan mota. Ya ce, ‘Zai zo, ai na ba shi shebur.’"

Ma'anar wannan misali ita ce: motar rayuwarmu ce, kwarin kuwa ranar wahala, wadda ba ta sallama kafin ta shigo. Fitilu da oda su ne abubuwan da muke yi domin mutane su gani su yaba. Shebur da ƙarafa su ne addu'a a ɓoye, da karanta Maganar Allah, da karɓar gargaɗi ko da ya ƙarje mu. Ba su da kyan gani, amma su Uba ya ba mu domin mu iso ran da ya kira. Tampol kuwa, 'yan'uwa, da yawanmu mun shigo da shi yau, an ɗaure shi tsaf. Kowa ya kwance nasa ya duba tun yana kan kwalta.

Mutumin nan, da aka tashi daga zaman makoki suka koma gida, maƙwabta suka zo gaisuwa. Wani ya ce, "Ai laifin yashi ne." Mutumin ya miƙe. Ya zaga bayan akurki, ya dawo da shebur duk kashin kaji, ya ajiye a gaban matarsa, ya ce, "Yashi bai san bayan akurki ba. Ni na kwance su, da hannun nan nawa."