Tasalla a Fadar Sarauniyar Kunamu

Tun zamanin da aljannu ke cin kasuwa ɗaya da mutane, aka yi Sarki Barmo na Birnin Zarnu, adali mai faɗa a ji, wanda hannunsa na dama ya kama makyarkyata shekara bakwai cur, har loma ta gagare shi kaiwa baki. Da masu magani suka gaza, sai Tasalla 'yar Bagudu, jikar masu haɗa magunguna tun kaka da kakanni, ta ɗauki ƙoƙonta ta nufi Dutsen Ƙari, inda aljana Sarauniyar Kunamu ke mulki.

Ta ƙetare koguna masu tafasa da dazuzzuka masu magana, ta isa da hantsi, ta tarar da fada tangamemiya ta baƙin dutse, kunamu jajaye da baƙaƙe sun jeru gida-gida, kowace da ƙarinta a ɗage. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta faɗi buƙatarta.

Sarauniya ta bayyana mata cewa ɗigon dafi ɗaya taron ƙwayoyi ne ɗaruruwa, kowace da ƙofar da take nema a jijiya, wata ta wangale ta, wata ta rufe, kuma kowane gida gadonsa daban, daga uwa zuwa 'ya. Sannan ta ce, “Ga gidaje uku, 'yar Bagudu. Ba na faɗar wanne ne maganin, sai jikinki ya gaya miki.”

Tasalla ta miƙa yatsa. Harbin farko ya kunna mata wuta har kafaɗa, zufa ta karyo, yawu ya cika baki, zuciya na dukan uku-uku, ta cije har ya lafa. Na biyu ɗan ƙaiƙayi kawai ya yi, ta gane na kashe fara ne. Na uku kuwa ya yi zafi kaɗan, sai yatsan ya kwanta lakwas.

Ta ce, “Ranki ya daɗe, wannan ne, amma a tace mini ƙwayar da ke rufe ƙofar jijiyar, a bar mai zafin.”

Sarauniya ta yi murmushi, ta sa aka tace dafin da rariyar saƙar gizo-gizo.

Tasalla ta koma Birnin Zarnu da maganin, kwana uku ana shafa wa Sarki, hannun ya natsu. Ran Juma'a Sarki ya naɗa Tasalla shugabar masu maganin ƙasarsa, shi da kansa ya ɗaura mata alkyabba, igiyar ba ta kuɓuce masa ba. Godiya ta tabbata ga Wanda ya ajiye waraka a cikin dafi.