Muryar da Tauraruwa Ta Sa Aka Goge

Akwai wata mawaƙiyar zamani da masoyanta ke kira Tauraruwa. A wajen gwaggonta ta koyi waƙa irin ta mutanen da: a jawo baiti daga ƙirji, a ƙarshensa murya ta ɗan karye kamar mai shirin kuka. Da wannan karyewar ta yi suna.

To, ɗaukaka ta zo, kai ya kumbura. Ta ce salon nan ƙauyanci ne, ta koma sa na'ura tana gyara mata murya sumul. Waƙa uku ta saki a jere, ko a shagon aski ba ka jin su. Kamfanin da ya ɗauke ta ya ce saura dama ɗaya: ta kawo sabuwar waƙa ranar Litinin, in ba ta yi daɗi ba a raba gari.

Ranar ɗaukar waƙar ta sha'afa, ta rera yadda gwaggo ta koya mata. Mai haɗa sauti, wani dattijo da ya shekara talatin a aikin, ya ce kada a taɓa komai, waƙa ta yi.

Ina! Tauraruwa ta ce ita ba mai waƙar tsofaffi ba ce. Ya roƙe ta ko ajiye ta asalin a yi a gefe, ta ƙi. Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, sai da ta ga ya gyara ya kuma goge ta farkon. Har da ce masa kunnensa ya tsufa.

Ranar Litinin shugaban kamfanin ya saurara, bai kai rabi ba ya kashe.

"Irin wannan muryar ina da goma," in ji shi. "Mai karyewar nan na ɗauka. In kina da ita sa min yanzu, akwai masu jira."

Ta fito bakin ƙofa ta kira dattijon a waya, yau har da "Baba".

"'Yata, ai ke kika tsaya a kaina na goge," ya ce. "Babu."

Tana riƙe da wayar, sai sakatariya ta leƙo ta ce mawaƙiyar da ke bi mata ta shiga.

Darasi: Kada ka raina baiwar da ta ɗaga ka don ta zo daga tsofaffi, kuma in gwani ya ba ka shawara, saurara. Ku tura wa wanda ya fara jin kunyar asalinsa.