Waƙar Niƙan Tabawa

An ce wani sarki ne aka yi a can dauri, mai son waƙa ƙwarai da saurin yanke hukunci. Wata rana makaɗinsa Nomau ya zo da sabuwar waƙa, ta wata mata da mijinta ya haukace, ta ɓoye shi a ɗaki tana jinyarsa har ya rasu. Waƙar ta ratsa sarki har ya yi ƙwalla. Nan take ya sa aka yi shela cewa waƙar mallakin Nomau ce, duk wanda ya rera ta ba izininsa zai bar garin.

Ba a jima ba dogarai suka kamo wata bazawara mai suna Tabawa, sun ji ta ta bayan katanga tana rerawa a kan dutsen niƙa. Aka tambaye ta, ta ce waƙarta ce, mijinta ne a ciki. Fada ta kwashe da dariya, sarki ya ce ta haɗa kayanta kafin Juma'a.

Tun daga ranar sarki ya rasa sukuni. In ya zauna sai ya tashi, in aka kawo abinci sai ya ture. Gari kuwa ya yi tsit, domin mata sun daina waƙa wajen niƙa, kowace na tsoron a ce ta Nomau ce. Shirun nan ya fi komai damunsa, amma ya kasa gane dalili. Da abin ya ishe shi, ya aika a kira Arzika, wani tsoho mai hikima da bai cika zuwa fada ba.

Arzika ya tarar da shi yana kai da komo a soro. Ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, waƙa ɗaya ce, amma masu ita nawa ne?"

Sarki ya ce, "Ɗaya. Wanda ya yi ta."

"To wa ya ba ka izini? Tun shigowata kake rera ta ƙasa-ƙasa."

Sarki ya tsaya cak, ya ce, "A bakin Nomau na ji."

"Allah ya ja zamaninka, baitin da kake maimaitawa babu shi a waƙar Nomau."

Sai sarki ya tuna mahaifiyarsa durƙushe gaban dutsen niƙa, da wannan karin dai, tana waƙar ɗanta mai tsoron duhu, wanda ya girma yana jiƙa tabarma, wato shi kansa. Kunya ta kama shi.

Arzika ya ce, "Karin nan na kakanni ne, kowace mace na zuba damuwarta a ciki, wanda ya ji ta katanga kuma ya yi kamar bai ji ba. Nomau ya ji na Tabawa, ya kwasa. Ka yarda in kai masa baitin nan da kake maimaitawa, wanda na san na mahaifiyarka ne, ya kaɗa a kasuwa?"

Sarki ya fusata, ya ce, "Wanda ya kuskura, sai na sa an yanke masa harshe!"

"Gaskiya ne, ya sarki. Ita dai Tabawa ba ta da dogarai."

Sarki ya aika a kira Tabawa da Nomau. Ya tara jama'a, ya warware shelarsa. Ya ce karin na kowa ne, kiɗan da Nomau ya tsara nasa ne, kada wani makaɗi ya ci abinci da shi sai da yardarsa, labarin mijin Tabawa kuwa nata ne, kada a sake rerawa. Sa'an nan ya dube ta, ya ce, "Baiwar Allah, kin gamsu?"

Tabawa ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Amma jiya a bakin rijiya an kira 'yata ɗiyar mahaukaci, masu neman aurenta kuma sun janye. Wannan wa zai mayar mini?"

Sarki ya dubi Arzika, Arzika ya dubi ƙasa. Ran nan sarki ya sauko daga karaga, ya nemi gafararta a gaban mutane, ya ce, "Mai mulki ya tambayi inda abu ya fito kafin ya ce na wane ne, domin adalcin da ya makara ba ya mayar da asiri ɗaki."