Cizon Kububuwa da Saura Tara

Ku gyara zama ku ji, hukuncin yana hannunku.

A wani ƙauyen manoma da ke cikin kwari, waya ba ta kama sabis sai ta hanyar wata 'yar na'urar intanet da Uwani, babbar 'yar Malam Bagudu, ta kawo daga birni. Duk unguwar a jikin na'urar suke jona wayoyinsu. Wata safiya da damina, kububuwa ta sari Malam Bagudu a gona, aka kashe ta, aka ɗauki hotonta a waya. Asibitoci biyu ne a yankin, ɗaya gabas, ɗaya ƙetaren kogi, ba wanda ya san inda maganin dafi yake. In aka nufi inda babu, an rasa Malam Bagudu. Kwana uku ba rana, sola bai yi caji ba, batirin na'urar saura tara cikin ɗari.

Uwani ba ta rikice ba. Ta san idan sabis ya yi rauni, na'urar takan ƙara ƙarfi wajen nemansa, ta shanye batir. Ta kashe ta, ta ɗaura a zani, ta hau dutsen bayan gari da tsohon cikinta, sai da ta kai ƙoli ta kunna. Sabis ya cika. Amma ta lura caji yana zuba, don mutane sun biyo ta da wayoyinsu.

Ƙanenta Mankau ya tare su ɗaya bayan ɗaya, har da mai unguwa, ya sa kowa ya cire wayarsa daga intanet ɗin. Ya ce, "Yaya, kada ki yi kiran bidiyo. Rubuta, ki tura hoton macijin." Saƙon ya isa wurin wata ma'aikaciyar jinya da Uwani ta sani a birni, amma na'urar ta mutu kafin amsa ta zo.

Tanimu, ƙaraminsu, ya kwance batirin babur ɗinsa, ya ɗora a ka, ya hau dutsen, ya haɗa wayoyin wuta har na'urar ta farfaɗo. Amsa ta shigo: maganin yana ƙetaren kogi, kada a ɗaure ƙafar, kada a tsaga. Kafin azahar an kai Malam Bagudu can, ya rayu.

Da ya warke, ya ce gonarsa ta fadama ba za ta rabu uku ba, mutum ɗaya zai ba. Uwani ta dubi ƙannenta.

To jama'a, a cikin ukun nan wa za a ba gonar?