Makin da Rekiya Ta Ba Clara

Akwai wata nas, Rekiya, a wani asibitin kuɗi da ke Kuje. Shekararta tara a ɗakin masu jego, ga sauƙin hannu wajen allura, ga zaƙin baki. Sai dai ita da ƙawarta Sandra suna da wani mugun hali: in aiki ya yi musu yawa, sai su cika takardar awon jinin majinyata da ka, ba tare da sun auna ba. Wai ido ba mudu ba, ya san kima!

A asibitin nan ba a ɗaukar sabuwar nas sai waɗanda za ta yi aiki da su sun yi mata tambayoyi sun ba ta maki. A ganin matiron, shugabarsu, su za su zauna da ita, su suka fi sanin wadda ta dace.

Wata Talata aka zaunar da Rekiya da Sandra, aka shigo da mai neman aikin, Clara. Daga Mararaba ta zo, mota uku ta hau kafin ta iso. Duk abin da suka tambaye ta ta amsa tiryan-tiryan.

Sai Rekiya ta karanto tambayar ƙarshe daga takardar da matiron ta ba su: "In kin ga abokiyar aikinki ta rubuta awon da ba ta yi ba, me za ki yi?"

Clara ta ce, "Sista, zan ja ta gefe in yi mata magana. In ta sake, zan gaya wa matiron. Ran mutum ne fa."

Clara na fita Sandra ta ce, "Wannan in ta shigo mun shiga uku. Kullum tana ofis ɗin oga tana kai rahotonmu."

Rekiya ta ba Clara maki biyu cikin goma, ta rubuta cewa ba za ta iya zama da mutane ba. Tana rubutawa tana sane ƙarya take yi. Aka ɗauki wata.

Bayan wata huɗu, wata mai jego ta kama jijjiga da rana tsaka. Likita ya duba takarda, ya ga tun safe jininta lafiya lau. Da aka auna, ashe ya hau ya wuce misali. Rubutun kuwa na Rekiya ne.

Matar ta rayu, da yake da sauran shan ruwanta, amma kwana shida ba ta san inda kanta yake ba. Rekiya ta kasa cin abinci. Duk sanda ta ji kukan jaririn matar sai ta ji kamar sunanta yake kira.

Ta je ta faɗa wa matiron komai, har da zancen makin. Aka dakatar da ita wata biyu. Kafin ta tafi ta roƙi lambar Clara, ta kira ta don neman gafara.

Clara ta yi dariya ta ce, "Haba Sista, ai taimakona kuka yi. Na yi kuka da na rasa aikin, amma na gane amsata ce ta kayar da ni. Da na je intabiyu a Abaji suka yi min irin tambayar nan, na ce kowa ya ji da aikinsa. Suka ɗauke ni. Yanzu ina gani, ina shiru. Ko jiya ma na ga wata ta cika takarda da ka."

Hawaye suka zubo wa Rekiya. Ba aiki kaɗai ta hana yarinyar nan ba, ta kashe mata baki, ga majinyata can Abaji kwance a hannunta.

Ta ce, "Clara, wallahi amsarki daidai ce. Ita ce daidai."

Sai Clara ta ce, "To Sista, me ya sa ba ku ɗauke ni ba?"

Darasi: In an ba ka amanar tantance wani, kada ka kayar da shi don tsoron asirinka ya tonu. Mai gaskiyar da ka hukunta yau, gobe shiru zai koya, kuma alhakin shirunsa na wuyanka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman ma'aikatan lafiya.